Tsarki da Tsabta: Darasi Daga Bakin Kogin Ganga

Darasinmu na wannan wata zai kai mu ƙasar Indiya, bakin wani kogi da ake kira Ganga. Kada sunan ya ruɗe ku da gangar makaɗi. Haka mutanen ƙasar suke kiran babban koginsu, wanda Turawa suke ce wa Ganjis. Indiya ba baƙuwa ba ce ga mutanen Zariya. Da yawa daga cikin manyanmu na Samaru da Sabon Gari sun yi karatu a hannun malamai Indiyawa, a makarantun sakandare da Jami'ar Ahmadu Bello, musamman a shekarun 1970 da 1980. Waɗanda ba su zauna a ajinsu ba kuwa sun ga ƙasar a finafinai. Amma fim rawa da waƙa yake nunawa, ba kasafai yake nuna abin da mutum yake yi sa'ad da ya tashi da asuba domin ibada ba. Wannan muke so mu duba, gama a bakin kogin nan akwai wata tambaya da ta shafe mu: ko abu yana iya zama da tsarki alhali ba shi da tsabta?

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa Katolika da ibadar Hindu? Majalisar Vatikan ta Biyu ta riga ta amsa. A cikin takardar Nostra Aetate, wadda aka fitar ran 28 ga Oktoba 1965, an ambaci addinin Hindu da sunansa, an kuma gargaɗe mu mu san addinan sauran mutane, mu girmama abin kirki da muka tarar a ciki, ba tare da mun saki shaidarmu ga Kristi ba.

Kogin Ganga yana tasowa daga ƙanƙarar tsaunukan Himalaya, ya yi tafiyar wajen kilomita 2,500 kafin ya faɗa teku ta wajen Bangaladesh. Masu bin addinin Hindu suna ce masa Uwa Ganga. Bisa ga labarinsu, kogin sama ne da wani sarki mai suna Bagirata ya roƙo da azumi da naciya domin a wanke tokar kakanninsa, sai ubangijinsu Shiba ya tare ruwan da gashin kansa don kada ƙarfinsa ya farfasa duniya. Birnin da ya fi kowanne daraja a bakin wannan kogi shi ne Baranasi, a jihar Uttar Pradesh, wanda ake kuma kira Banaras ko Kashi. Yana cikin biranen da suka fi daɗewa da mutane a duniya. A daidai nan kogin yakan karkata ya nufi arewa, birnin kuwa yana zaune a gaɓar yamma, saboda haka duk wanda ya sauka bakin ruwa gabas yake fuskanta. An gina matakalai na dutse fiye da 80 daga tudu har cikin ruwa, a jere na wajen kilomita 6. Kowace matakala ana kiranta gat, kowace kuma da sunanta da aikinta.

Daga asuba zuwa hantsi

Tun kafin gari ya waye mutane suke gangarowa ta cikin lunguna masu ƙunci, maza da mata, tsofaffi da yara, mazauna gari da baƙin da suka kwana cikin jirgin ƙasa domin wannan safiya ɗaya. Mutum yakan shiga ruwa zuwa ƙugu ko ƙirji, ya nutsa, yawanci sau uku, sa'an nan ya kamfato ruwa da tafin hannu biyu, ya ɗaga wajen rana mai fitowa, ya bar shi ya zube yana addu'a. Wasu sukan zuba domin iyaye da kakanni da suka rasu. Mata suna wanka da tufafinsu a jiki, cikin natsuwa da kunya. Bayan haka a cika 'yar butar tagulla, a hau da ita cikin gari a zuba a haikalin Shiba, wanda wata sarauniya mai suna Ahilyabai Holkar ta sake ginawa a 1780. Baƙo kuwa yakan cika jarka ya tafi da ita gida, a ajiye ruwan shekara da shekaru, a ɗiga wa mai jinya a baki sa'ad da ajali ya matso.

A kan matakalan, ƙarƙashin manyan laimomi na gora, firistocin da ake kira panda suke zaune. Su ne suke tsare wa mai wanka kayansa, su karanta masa addu'o'i, su shafa masa alama a goshi, ya ba su abin da ya sawwaƙa. Ba za mu ɓoye ba, ciniki yana shiga ciki, baƙin da ba su san gari ba kuma sukan yi kukan an tatse su. Wannan ba ciwon Indiya kaɗai ba ne, duk inda masu ziyarar ibada suka taru a duniya masu neman riba suna biye.

Abin da yake ba baƙo mamaki shi ne, ba a raba ibada da neman abinci a wurin nan ba. Taku kaɗan daga mai addu'a, wanzami yana aski. Masu wanki suna tsaye cikin ruwa suna buga tufafi a kan faifan dutse, suna shanya su a matakala. 'Yan fito suna kiran fasinja, mai shayi yana zuba wa mutane cikin ƙananan kofunan yumɓu, 'yan kokawa suna motsa jiki, yara suna wasan ƙwallo, shanu suna kwance inda suka ga dama ba mai korarsu. Da damina, tsakanin Yuli da Satumba, kogin yakan cika ya haɗiye matakalan, ayyuka su koma tudu. In ruwa ya janye a fito da injin feshi a wanke taɓon da ya bari. Kada kuma a ɗauka birnin na Hindu ne kawai. Yawancin masaƙan da suke saƙa alharinin Banaras, wanda amaren Indiya suke alfahari da shi, Musulmi ne. Shahararren mai busa Bismillah Khan, wanda ya rasu a 2006, Musulmi ne da ya yi zamansa a birnin, ya ƙi rabuwa da kogin. Akwai kuma Diyosis na Katolika na Baranasi tun 1970.

Wutar da ba ta mutuwa

A matakalai biyu, Manikarnika da Harishcandra, ana ƙona gawa dare da rana. A nan ya kamata mai karatu ya yi haƙuri, ya fahimta kafin ya yanke hukunci. Koyarwar Hindu ita ce rai yana komowa duniya sau da yawa cikin jiki dabam dabam, bisa ga ayyukan da ya yi. Babban burin mai bi shi ne ya tsira daga wannan kai da komo, tsirar da suke kira moksha. Sun gaskata cewa wanda ya mutu a Kashi ya sami wannan tsira. Saboda haka tsofaffi sukan bar garuruwansu su zo nan jiran mutuwa. Akwai ma masauki, Mukti Bawan, wanda aka buɗe a 1958 domin masu jiran ajali; akan ba mutum wajen mako biyu, in ya ji sauƙi a roƙe shi ya ba wani wuri.

'Yan'uwan mamaci maza sukan ɗauko gawa a makarar gora, an lulluɓe ta da ƙyalle mai haske, su tsoma ta cikin kogi, su ɗora bisa tarin itace. Itacen a ma'auni ake saye, mai hali ya ƙara da sandal da man shanu. Babban ɗa yakan aske kansa, ya ɗaura farin zane, ya kewaya gawar, ya sa wuta. Ba da ashana ake kunnawa ba. Ana karɓo wutar daga wata da suke cewa ba ta taɓa mutuwa ba. Masu tsaron wannan wuta su ne mutanen Dom, waɗanda al'adar ƙasar ta ajiye a ƙasan kowa, har ana ƙyamar taɓa su, ko da yake tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta wannan wariya. Duba abin al'ajabi: attajirin da ba zai ci abinci a gidan ɗan Dom ba, daga hannunsa zai karɓi wutar jana'izar ubansa. Bayan sa'o'i kamar uku a zuba toka cikin kogi. Ƙananan yara da masu zuhudu ba a ƙona su, akan nutsar da su ne cikin ruwa.

Bangaskiyarmu ta bambanta a nan ƙwarai. Mu mun gaskata mutum sau ɗaya yake mutuwa, kamar yadda Ibraniyawa 9:27 ta koyar, muna kuma sauraron tashin jiki. Ikilisiya ta yarda da ƙona gawa tun 1963, amma umarnin da ta fitar a 2016 ya ce a ajiye tokar a wuri mai tsarki, kada a watsa ta a ruwa ko iska.

Da magariba jama'a sukan taru a matakalar Dasashwamed, wasu a tudu wasu cikin kwale-kwale, samarin firistoci su tsaya a jere suna kaɗa manyan fitilu da turare ga kogin, ana buga ƙararrawa. Mutane su saki ƙananan fitilu bisa ganye su bi ruwa.

Uwa mai tsarki, ruwa mai cuta

Yanzu ga tambayarmu. Ruwan nan da ake sha domin albarka, gwaje-gwaje sun sha nuna cewa ƙwayoyin cuta na bayan gida da suke cikinsa sun ninka abin da aka yarda a yi wanka da shi sau da yawa. Baƙi sukan ɗora laifin a kan toka da furanni, amma babban tushen ƙazantar shi ne ruwan masai na birane da yake kwarara cikin kogi, da dattin masana'antu, musamman majemun fata na Kanpur da suke sama da Baranasi. Ma'aikatan cibiyar binciken fata da take Samaru sun san irin gubar da ruwan jima yake ɗauke da ita.

Ga mai bi na Hindu, waɗannan abubuwa biyu ba sa karo. Harshensu yana da kalma ɗaya domin tsarki, wata dabam domin dauɗa, kamar yadda Hausa ta raba tsarki da tsabta. Yana iya yarda cewa mutane sun zuba datti, amma ba zai yarda cewa Uwa Ganga ta ƙazantu ba, gama ita ce mai wanke kome. A ganinmu nan ne hatsarin yake. Ƙaunar da ta kamata ta tsare kogin sai ta zama dalilin sakaci, tun da kowa yana cewa uwa za ta ɗauke.

Wani mutum ya tsaya tsakanin ɓangarorin biyu, sunansa Veer Bhadra Mishra. Ya gaji shugabancin haikalin Sankat Mocan tun yana ɗan shekara 14, ya kuma zama farfesan injiniyan ruwa a Jami'ar Hindu ta Banaras, wadda aka kafa a 1916. Da asuba yana wanka a kogin kamar kowane mai bi, da hantsi yana auna ƙazantarsa. A 1982 ya kafa gidauniya domin tsabtace Ganga. Ya lura cewa in ka ce wa jama'a koginsu ƙazami ne sai su juya maka baya, amma in ka nuna musu ana watsa wa uwarsu dauɗa sai su saurara. Gwamnatin Rajib Gandi ta ƙaddamar da babban shirin tsabtace kogin a 1986, aka kashe kuɗi mai yawa a kan injinan tura ruwa masu aiki da lantarki. Da an ɗauke wuta sai injin ya tsaya, ƙazanta ta koma kogi. Ba sai an yi wa mutumin Zariya dogon bayani a kan wannan ba. Mishra ya kawo shawarar a haƙa magudana da za ta tare ruwan dauɗa ta gangara da shi da kansa zuwa manyan tafkuna a bayan gari, inda rana da ƙananan halittun ruwa za su tace shi. Ya rasu a 2013 bai ga an gina shi yadda ya tsara ba. A 2014 gwamnati ta fito da sabon shiri mai suna Namami Gange, an kuwa gina sababbin matatun ruwan dauɗa a Baranasi tun daga lokacin.

Mu nan ba mu bauta wa kogi. Ruwa halitta ne. Fada yana sa masa albarka a daren Ista, da shi ake yi mana baftisma, da shi muke yin alamar gicciye a ƙofar coci. Amma ruwan da yake cikin mazubin baftisma daga wani wuri aka ɗebo shi. Kogin Kubanni yana ratsa harabar jami'a a Samaru, inda aka datse shi domin ruwan sha, ya wuce ta tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ya haɗu da Galma. Magudanan unguwanninmu a cikinsa suke ƙarewa. Da ruwan sama na farko, leda da shara da abin da aka zuba a kwata da dare duk can suke tafiya, masu noman rani kuma da ruwan nan suke shayar da latas da alayyafo da kabejin da muke saye a kasuwar Sabon Gari. Indiyawa suna cewa uwa za ta wanke, mu muna cewa ruwa zai tafi da shi. Paparoma Faransis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya lissafta samun tsabtataccen ruwan sha cikin haƙƙoƙin kowane ɗan Adam, ya kuma nuna cewa matalauta ne suke fara shan wahalar gurɓataccen ruwa.

Kafin darasi na gaba, muna roƙon katakis da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su zaɓi rana ɗaya, su bi magudanar da ta wuce ta ƙofar cocinsu da ƙafa har inda ta faɗa rafi. Su rubuta abin da suka gani a hanya, da gidaje nawa suke ɗiban ruwa a ƙasa da wurin, su kawo wa kwamitin Ikilisiya.