Yadda Banki Ke Auna Amincin Mai Neman Rance

A Kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari, kafin ɗan kasuwa ya ba wani kaya bashi, yakan duba sanin da ya yi masa, ko kuma ya nemi wani dattijo ya tsaya masa. Banki ba shi da wannan dama, domin masu neman rance sun fi ƙarfin a san kowa da fuska. Wannan buƙata ce ta haifar da kamfanonin adana tarihin bashi, waɗanda ke tattara bayanin abin da mutum ya ranta da yadda ya biya, su sayar wa masu ba da rance.

A Amurka wannan sana'a ta fi bunƙasa. Kamfanin da ake kira Equifax a yau ya faro ne a birnin Atlanta a 1899, kuma shi da Experian da TransUnion su ne manya uku a ƙasar. A 1989 aka fito da ma'aunin FICO, wanda ke taƙaita tarihin mutum a maki ɗaya, daga 300 zuwa 850. Kimanin kashi 35 cikin ɗari na makin ya dogara ne ga biya a kan lokaci, kashi 30 ga yawan bashin da ke wuyan mutum, kashi 15 ga daɗewarsa yana hulɗar rance, sauran kuwa ga sabon bashi da ire-iren bashin da ya ci. Abin lura shi ne, albashi ba ya cikin lissafin ko kaɗan.

Mai maki da yawa yakan sami rance da kuɗin ruwa mai sauƙi. Mai ƙarancin maki kuwa, ko dai a hana shi, ko a ɗora masa ruwa mai nauyi. Wato wanda ya fi shiga matsi shi ne bashi ke yi wa tsada. Ƙarƙashin dokar 1970, jinkirin biya na iya zama a takardar mutum har shekara bakwai, ko da rashin lafiya ce ta jawo shi. Bugu da ƙari, takardun ba su rasa kuskure: binciken da hukumar kula da ciniki ta Amurka ta fitar a 2013 ya gano kuskure a takardar mutum ɗaya cikin biyar.

A Nijeriya, Babban Banki ya ba irin waɗannan kamfanoni uku lasisi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry, aka kuma kafa dokarsu a 2017. Lambar BVN, da aka ƙaddamar a 2014, ta sa wanda ya ƙi biyan wani banki ba ya iya ɓuya a wani cikin sauƙi. Sai dai ma'aunin ba ya ganin abin da ba a rubuta ba. Matar da ta shekara ashirin tana zubin adashi ba ta taɓa saɓa rana ba, idan ta je banki, za a tarar da takardarta fara fat, kamar ba ta taɓa riƙe amanar kowa ba.