Ɗaliban Ajekoriya, Ku Bi Sawun Mahaifiyar Shaihu Umar

Ɗalibin da zai nazarci Shaihu Umar, littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar Zariya ta 1933, kada ya tsaya kan Umar kaɗai. Ya raba shafi biyu, gefe guda na yaron, ɗaya na mahaifiyarsa. An sace Umar yana ƙarami, Balarabe Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu har ya zama malami. Ita kuwa ta fita nemansa tana 'ya, aka sayar da ita baiwa. Sahara ɗaya suka ƙetare, shi ta kai shi ga ilmi, ita ga ƙasƙanci. Jigon littafin yana cikin wannan bambanci.

Wani zai ce marubucin bai la'anci bauta a fili ba, kuma Makau, mijin uwar, da kansa yana zuwa harin bayi. Gaskiya ne, shi ya sa nazarin yake da nauyi: mutanen kirki ne suke ganin abin daidai. Abin bai tsaya a littafi ba: sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifi, kuma har yau gorin asali yana hana aure. Ku tambayi kowane tauraro a littafin: wa ya ɗauka mutum, wa ya ɗauka kaya?