Kwata a Bakin Tafkin Kainji

A shekarar 1968 aka gama ginin madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara. Da aka tare kogin sai ruwa ya taru ya zama tafki babba, tsawonsa ya fi kilomita 130. Ya cinye gonaki da tsibirai da garuruwa, har da tsohon garin Busa. Mutum fiye da 40,000 suka tashi, aka gina musu sababbin gidaje a kan tudu.

Kusan kowane ƙauye na bakin tafkin yana da kwata, watau wurin da jirage ke tsayawa. Ba wani gini ba ne. Gangare ne kawai mai tauri, da turaku na ɗaure kwalekwale. Abin mamaki kuwa, kwatar ba ta zama wuri guda. Idan ruwa ya janye da bazara sai ta bi shi can ƙasa, idan tafki ya cika da kaka ta komo gindin gari.

Tun da asuba masunta suke kwance jiragensu. Da yawa daga cikinsu Sarkawa ne, waɗanda su ne gadonsu. Wani ya jefa birgi, wani ya duba ƙugiyoyin da ya kafa jiya. Da hantsi su komo da karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, mai sa'a kuma ya zo da giwan ruwa, wanda yakan fi yaro nauyi. Fatake suna jira a gaɓa. Abin da ba a sayar ɗanye ba, mata su yi bandarsa, a kai kasuwar Yawuri.

Ran kasuwa manyan jiragen fito masu inji suke ɗaukar mutane da buhuna da awaki, har da babura. A nan hatsari yake. Itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a ƙarƙashi, ba a ganinsu, jirgin da ya yi karo da kututture kuwa yakan tsage. Ga kuma kwaɗayin masu jirgi, waɗanda kan yi lodi fiye da kima. A watan Mayu na shekarar 2021, wani jirgi cike da 'yan kasuwa ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi, mutane masu yawa suka halaka. Saboda haka matuƙi mai hankali ba ya tashi da dare ko cikin hadari, yakan ƙidaya fasinjansa tun a kwata, ya kuma ba kowa rigar ruwa kafin ya ta da inji.