Yadda Ake Yi wa Mai Ɗaukar Hoton Bazata Gyara

Hoton bazata shi ne wanda ake ɗauka ba tare da an jera mutane an ce su tsaya cak ba, kamar na uwa tana surfe ko na yara suna ɓarar gyaɗa a gindin rumbu. A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, inda gona ke manne da gona kuma kowa ya san gidan kowa, irin wannan hoto ya yawaita tun da wayoyin Tecno da Itel suka shiga hannun matasa, sai dai wanda aka nuna wa yakan tsaya ne a kan "ya yi" ko "bai yi ba", alhali babu abin da mai ɗauka zai koya daga ciki.

Da farko mai gyara zai tambaya ko waɗanda ke cikin hoton sun san da shi, kuma wa aka yi niyyar nuna wa. Tsakar gida wurin sakewar mata ne, baƙo namiji iyakarsa zaure, don haka hoton matar aure tana daka babu mayafi, komai kyansa, ba ya shiga WhatsApp ko Facebook sai da yardarta da ta maigidanta. Idan wannan bai cika ba, a keɓe za a faɗa, kuma sauran gyara ya jira.

Sai a ambaci abu ɗaya takamaimai da ya dace, misali an kama ƙaiƙayi yana tashi a iska lokacin shiƙa, domin wannan daƙiƙa ita ce ran hoton, kuma mai ɗauka yana bukatar sanin abin da zai maimaita.

Haske ne ya fi cancantar dogon bayani. Arewacin Kano na wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana takan tsaya kusan tsakar ka da tsakar rana a watannin Afrilu da Agusta, ta jefa inuwa a kwarmin ido, malfa kuma ta rufe fuskar manomi gaba ɗaya. Shawarar da ta dace ita ce a ɗauka da hantsi ko bayan la'asar. Idan an ɗauki dattijo a cikin zaure ƙofa na bayansa, waya takan auna hasken waje ta bar fuskar da duhu, kuma maganinsa shi ne mai ɗauka ya koma ta gefen ƙofar, ko ya taɓa fuskar a gilashin wayar kafin ya danna. Dishi-dishin da ake gani a hotunan Disamba da Janairu sau da yawa ƙurar hunturu ce a idon kyamara, goge shi da tsumma mai laushi ya wadatar. Kafin a yanke hukunci a kan rashin fitar hoto, a nemi a turo shi a matsayin fayil, tunda WhatsApp yana rage ingancinsa.

Daga nan a duba matsayar mai ɗauka: ya durƙusa daidai tsayin yara, ya matsa da ƙafarsa maimakon jawo hoton da yatsa, kada kuma gefen hoto ya yanke taɓarya ko hannun mai tuƙa tuwo. A nan masu gyara da yawa ke kuskure, sukan soki tsagewar katanga, kwanukan da ba a wanke ba ko rigar yaro mai ƙura, alhali waɗannan halin gida ne, sukarsu kuma cin fuskar masu gidan ce.

Lafazi yana bin shekaru. Ƙani ba ya ce wa wansa ya yi kuskure, sai ya ce, "Yaya, da an ɗan matsa kusa da turmin, anya hannun Inna ba zai fi fitowa ba?" Gyara ɗaya ko biyu ya isa a zama guda, sannan a nemi mai ɗauka ya sake ɗaukar irin hoton washegari da hantsi, a ajiye hotunan biyu a kwatanta.