Shawara ga Masu Sayen Kayan Kiwon Kifi a Guangzhou

Ɗan kasuwar da ya sauka a titin Liuhua na birnin Guangzhou, inda aka gudanar da baje kolin Canton daga 1974 zuwa 2008, ya kamata ya fifita injin kaɗa ruwa da na'urar auna ammoniya, wato gubar da kashin kifi ke haifarwa, a kan magunguna. Dalili kuwa shi ne, ƙwayar cutar Streptococcus, wadda ke addabar karfasa a lardin Guangdong, ta fi ɓarna idan ruwa ya yi zafi, kifi ya cunkushe, iskar oksijin kuma ta ragu da asuba bayan gansakuka ta kwana tana shaƙarta. Kifin da ya kamu idanunsa kan fito waje, yana iyo yana juyi. Saboda haka, a rage abinci lokacin bazara, a kuma killace sabbin 'ya'yan kifi kafin a zuba su cikin tafki.