Darasin Wannan Juma'a: Tinya, Ƙerana da Danginsu

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), darasinmu na yau a kan wasu tsirrai ne da muka baro a gida, sai ga shi sun biyo mu Kudu a cikin tukwanen fulawa.

Wanda ya tashi a Kano, Katsina ko Sakkwato ya san aguwa, wadda ake shinge gona da ita. Mutanen Filato sun san ƙerana mai ƙaya bibbiyu, da tinya wadda ke fitowa a kan duwatsu. Duk ukun dangi ɗaya ne, masana suna kiransa Euphorbia, kuma ire-irensa sun kai wajen 2,000 a duniya. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya tabbatar da sunan a 1753, daga sunan likitan wani sarki na Arewacin Afirka mai suna Juba na Biyu. Mutane kan ce musu kaktus saboda kama, amma kaktus na ainihi asalinsa nahiyar Amurka ne.

Ku dubi ikon Allah a nan. Tsiron da zai yi wata bakwai bai ga ruwan sama ba, sai aka yi masa jiki mai kauri ya zama masa randa. Ganye shi ke zubar da ruwa, don haka aka rage masa ganye, wani ma sai da damina yake fitar da shi. Ƙerana kuwa da rana ƙofofin numfashinta a rufe suke, sai dare ya yi sanyi ta buɗe. To abin da ya tara ruwa a cikin fari, ai dabba za ta neme shi. Shi ya sa aka ba shi ƙaya, aka kuma ba shi farin ruwa kamar nono wanda yake dafi ne.

Wannan farin ruwan shi ne dalilin darasin. Na tinya ya fi kowanne zafi. Mutanen da sun yi dafin kibiya da shi, sun kuma kashe kifi da shi. Har masana sun sa wa sinadarin da suka ciro daga cikinta suna tinyatoxin, daga sunanta na Hausa, kuma zafinsa ya ninka na barkono sau ɗaruruwa. A Legas da Ibadan masu sayar da fulawa a bakin titi suna da danginta: akwai mai ƙaya da jan fure wadda asalinta Madagaska ne, akwai mai siraran rassa kamar fensir. Muna saye mu ajiye a ƙofar shago ko a gidan haya, inda yaranmu da na maƙwabta ke wasa. Yaro ya karya reshe, ya murza ido, shi ke nan an shiga tashin hankali.

Idan ya taɓa fata, a wanke da sabulu nan take. Kuma a kula, kada a fara alwala kafin a wanke hannu da sabulun, domin ruwa kaɗai ba ya fitar da shi sosai, sai mutum ya kai shi idonsa da kansa wajen wanke fuska. Idan ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sannan a tafi asibiti ko da zafin ya lafa. Ban da ɗiga nonon uwa, ban da ruwan sukari, ban da kwalli.

Masu sayar da maganin gargajiya a cikinmu, kada a haɗa waɗannan da ƙaran masallaci. Shi danginsa daban ne: ruwansa garai-garai yake, haƙoran jikinsa ba sa suka, furensa kuma yana da wari mai jawo ƙudaje. In aka karya tsiro aka ga farin ruwa ya fito, kada a ba kowa ya sha.

Wanda yake da irinta a gida ya ɗaga tukunyar inda hannun yaro bai kai ba, ya sa safar hannu in zai sare ta, kuma kada a ƙona sassaken a tsakar gida, hayaƙinsa ma yana cin ido.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Wassalamu alaikum.