Idan Numfashi Ya Sarƙe Saboda Fargaba: Shawarwari Ga Mutanen Gida

Akwai wani irin haki da ke ɗaga hankalin gida gaba ɗaya. An kawo labarin rasuwa, ko an yi cacar baki, ko ma babu wani dalili a fili, sai mutum ya kama numfashi sama-sama yana cewa iska ba ta isarsa. Jiri ya ɗebe shi, leɓɓa da yatsu su yi ta yam-yam kamar kiyashi na bin su, wani lokaci hannuwa su ƙanƙame. Abin ba sabo ba ne wurin likitoci. Tun 1871 wani likita, Jacob Da Costa, ya yi rubutu kan sojojin yaƙin basasar Amurka masu haki da bugun ƙirji, alhali ba a ga ciwo a zuciyarsu ba.

1. Ku san cewa iska ba ta yi masa kaɗan ba, yawa ta yi. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan ya zarce abin da jiki ke bukata, yakan fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima. Mun saba ɗaukarta shara, amma jini na bukatar wani kaso nata. Da ta ragu, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sukan tsuke, jiri ya zo. Kalsiyam da jijiyoyi ke aiki da shi ya ragu, yatsu su sandare. Mai abin ya tsorata, ya ƙara jan numfashi, abin ya ƙara ta'azzara. Saboda haka cewa da shi "ja numfashi sosai" ƙara masa wahala ne.

2. Karon farko na asibiti ne, babu jayayya. Asma, ciwon zuciya, gudan jini a huhu, ƙarancin jini da hauhawar suga duk suna zuwa da haki. A garzaya idan akwai ciwon ƙirji mai sauka hannu ko haɓa, gumi mai sanyi, leɓɓa sun canja launi, zazzaɓi, tari da jini, ko mutum ya suma. Mai sikila da ke haki ba a jira da shi. Haka mai jego: ciwon raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, likitocin Zariya da Kano sun daɗe suna nazarinsa. Matar da ta haihu kwanan nan, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada kowa ya ce mata damuwa ce.

3. A rage taro. Mutum ɗaya mai sanyin murya ya zauna da shi, sauran su fita, musamman masu salati da kuka.

4. A ja hankalinsa kan fitar da iska. Ya zauna ya saki kafaɗu, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Ya shaƙa kaɗan ta hanci har cikin ya ɗago, ƙirjin kuma ya tsaya. Sannan ya tsuke baki ya fitar a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Ku ƙirga masa: uku a shiga, shida a fita. Ku yi tare da shi yana kallonku, domin mai firgici ba ya jin dogon bayani. Kalmomi kaɗan sun isa: "Yaya, ina nan. Bi ni a hankali, zai wuce." Da farko zai ce ba zai iya ba. Kada ku yi gardama, ku ci gaba da ƙirga. Yatsun za su saki da kansu idan numfashi ya daidaita, ba sai an banƙare su ba.

5. Kada a sa masa leda ko jakar takarda a baki. A da ana koyar da wannan dabara, har a finafinai ana nunawa, amma likitoci sun janye daga gare ta, domin idan ashe asma ce ko zuciya, rage masa oksijin na iya kashe shi.

6. Addu'a da tofi suna kwantar da hankali, a yi su. Abin da nake ƙi shi ne turara hayaƙi a hancin wanda ke fama da numfashi, ko danne shi, ko ɗura masa ruwa. Sau da yawa budurwa na faɗuwa da wannan haki a makarantar kwana, nan take a ce iskokai ne, kuma babu wanda zai tambaye ta jarrabawa ce ke gabanta ko auren da ba ta so.

7. A yi atisayen numfashin ciki kullum lokacin da ake lafiya, minti 5 zuwa 10 safe da yamma, don jiki ya saba kafin ranar bukata. A rage goro, kofi, shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari, saboda sinadarin kafeyin da ke cikinsu na sa zuciya bugawa. Tafiya a ƙafa da isasshen barci ma suna taimakawa.

8. Ku lura da nau'in da ba ya zuwa da hayaniya. Wani kullum cikin ajiyar zuciya yake, da hamma, da kumburin ciki, da gajiya, ya yi ta yawon gwaje-gwaje ana ce masa lafiyarsa ƙalau. Likitoci na amfani da tambayoyi 16 da aka tsara a Nijmegen ta ƙasar Holan don gano irin wannan. Idan abin yana dawowa, a nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Kada a sayo diazepam a kemis ba da takardar likita ba, yana kama jiki, kuma barinsa farat ɗaya na iya jawo jijjiga.